Sannunku da Ƙoƙari, Masu Sayar da Avatar

Duk mai son ya ga tsantsar tausayin jama'a, ya dubi yadda kamfanin 20th Century Fox ya shigar da fim ɗin Avatar gidajen mutane. James Cameron ya fito da shi a 2009, ya nuna duniyar Pandora mai duwatsu rataye a sararin sama da daji mai ƙyalli cikin dare, fim ɗin ya tara fiye da dala biliyan 2.7 a gidajen sinima. Da wani mai ƙaramar zuciya ne, da ya gode wa Allah ya koma gefe. Su kuwa bayin Allah ba su iya barin masu kallo cikin kewa ba.

Faifan farko ya fito a Amurka ranar 22 ga Afrilu, 2010, ranar da aka keɓe don kare muhalli. Kai, madalla da wannan zaɓi! Fim ne da ke tsine wa kamfanin haƙar ma'adinai, wanda haɗama ta sa ya kayar da ƙatuwar bishiyar da al'ummar Na'vi ke zaune a ciki. To, da me za a raya irin wannan rana in ba da miliyoyin faya-fayan roba ba? Faifan ya zo fayau, ba ƙarin komai, ba kuma 3D ɗin da ya ja mutane zuwa sinima. Kulawa ce, kada daɗi ya yi wa mai saye yawa a tashi ɗaya. A watan Nuwamba sai ga wani kwali mai faifai uku da ƙarin minti 16, don wanda ya saya a Afrilu ya samu damar sake buɗe aljihu.

Inda alherinsu ya kai maƙura shi ne wajen 3D. Ba su yarda a wulaƙanta shi a kasuwa ba. Sai wanda ya sayi talabijin ko na'urar Panasonic ake miƙa wa faifan. Ka zo sayen akala, aka haɗa maka da raƙumi. Sauran jama'a kuwa aka koya musu haƙuri har zuwa Oktoban 2012. Magidanci ya sayi talabijin, ya sayi tabarau na kowa a gida, ya zauna ya huta. Zuwa 2017 Samsung da LG da Sony duk sun daina ƙera talabijin mai 3D, suka bar masa kayan tarihin da zai nuna wa jikoki.

Disney ta gaji Fox a 2019, ta gaji halin kirkin ma. A 2023 ta fito da Avatar a faifan 4K, ta tunatar da mutumin nan cewa abin da ya saya sau uku dishi-dishi yake gani, kuma talabijin ɗinsa ba zai iya nuna masa sabon ba sai ya canza wani.