Ɗan Aiken Bayan Kati da Iyayen Gidansa

A bayan wasu katunan bashi na manyan bankuna akwai wata lambar waya da ba ta kai ƙarar sata ba ce, ba kuma ta tambayar abin da ya rage a asusu ba. In ka buga, mutum ne zai ɗauka, dare ko rana, ya gaishe ka da sunanka, ya tambayi abin da kake so a yi maka. Kana iya cewa ya kama maka teburi a wani gidan abinci a Landan, ya nemo tikitin kallon wasa, ya aika furanni asibiti, ko ya binciko kantin da ke da wani takalmi daidai ƙafarka. Ba ya karɓar ladan aike. Daga manyan otal-otal aka aro dabarar, inda ake ajiye ma'aikacin da ya san kowa da ko'ina a gari. Tun 1929 irin waɗannan ma'aikata suka kafa ƙungiyarsu a Paris, Les Clefs d'Or, suna maƙala 'yan makullan zinare biyu a wuyan kwat. Kamfanonin kati suka ɗauke aikin daga zauren otal suka mayar da shi cikin waya. American Express, wanda ya fito da katin Platinum a 1984 da baƙin katin Centurion a 1999, shi ya fi yin suna a wannan harka. Visa Infinite da World Elite na Mastercard su ma suna da nasu, kuma wasu bankunan Najeriya na ba manyan masu ajiyarsu irin waɗannan katunan.

Ana yawan gardama kan ko ɗan aiken nan yana da amfani. Ni dai masu aiken nasa sun fi ba ni sha'awa.

Da farko akwai wanda bai san ma yana da shi ba. Shekara da shekaru yana biyan kuɗin kati, takardar bayanin na nan cikin ambulan ɗin da bai taɓa farkewa ba. Ranar da ka gaya masa, zai juya katin, ya ƙanƙance ido, ya ce, "Au!" Gobe ya manta. Banki na ƙaunar wannan bawan Allah, kuma da hujja.

Kishiyarsa shi ne mai gwaji. Ranar da kati ya iso, kafin ya sayi ko allura, sai ya buga. Ba buƙata gare shi ba, so yake ya ga iyakar haƙurin mutanen. Yau ya tambayi nauyin ƙwan jimina, gobe ya ce a nemo masa mai koyar da kaɗa kalangu a Kanada. Samun sarari, kuturu da gaɗa cikin rama. Abin da ke ɓata masa rai shi ne ana amsa masa cikin ladabi, wani lokacin ma a dawo da amsar daidai. Sati uku ya gaji. Ranar da jirgi ya tashi ya bar shi a Istanbul da tsakar dare, ɗan'uwansa da ke barci a gida zai tayar.

Sai mai nuna isa, wanda ba ya bugawa sai da 'yan kallo. Katinsa na ƙarfe ne, don haka ba ya miƙa shi hannu da hannu, sakinsa yake a kan teburi ya yi ƙara. Yana ƙure muryar waya yadda kowa zai ji ana ce masa yallaɓai da Turanci. Zai tsaya a ƙofar gidan abinci, kujeru fanko yana kallonsu ta gilashi, ma'aikaci na yi masa bismillah, ya ɗaga masa hannu: "Dakata, mutanena za su kira ku." Minti ashirin baƙinsa na tsaye da yunwa, ana jiran wani a wata nahiya ya buga wa wayar da ke kan kanta, taku biyar daga inda suke.

Wanda na fi tausayi shi ne mai jin kalmar kyauta ya saki jiki. Ya ji an ce ba a biya, sai ya sa aka aika wa surukarsa kwandon kayan marmari, aka kama masa ɗaki mai kallon teku, aka turo mota ta ɗauke shi daga filin jirgi. Ƙarshen wata takarda ta zo. Zirga-zirgar ce kyauta. Kwandon da ɗakin da motar duk suna kan katinsa, kobo bai ragu ba. Ita ma zirga-zirgar, ruwa ba ya tsami banza. A Amurka kuɗin riƙe Platinum ya koma dala 695 a shekara a 2021, ya haura zuwa 895 a 2025. Centurion kuwa ba a nemansa, sai an gayyace ka, sannan ka ajiye dala 10,000 na shiga da 5,000 duk shekara. Ban da wannan, duk sayayyar da ka yi ana yankar wani kaso daga kuɗin mai kanti, shi kuma ya san inda zai fanshe. A Tarayyar Turai doka ta ƙayyade kason da bankin mai kati ke samu a kashi 0.3 cikin ɗari tun 2015, abin da ya sa garaɓasar katunan can ba ta kai ta Amurka maiƙo ba. Ɗan aiken da ke sauƙaƙa maka kashe kuɗi, ai ba asara ba ne ga wanda ke cin kaso a duk abin da ka kashe.

Mai neman mu'ujiza kuma lissafinsa daban ne. Ya ga tambarin Mastercard a gefen fili duk daren da ake buga gasar Zakarun Turai, saboda haka a ganinsa shi da gasar 'yan gida ɗaya ne. Ana jibi wasan ƙarshe na 2024 a Wembley, Real Madrid da Dortmund, sai ya bugo yana son kujeru huɗu a jere, kusa da layin tsakiya, a farashin da aka buga a jikin tikiti. Filin na cin mutum 90,000, masu so sun ninka haka, kuma duk sun riga shi tashi. Abin da bai gane ba shi ne wanda ke ɗaya gefen wayar. Sau da yawa ba ma'aikacin banki ba ne. Kamfanoni ne irin su Ten Lifestyle Group na Landan da Aspire Lifestyles ke karɓar kwangilar, mutum guda na iya amsa waya da sunan wannan banki da safe, da sunan wancan da yamma. Makamansa kwamfuta ce da intanet da kundin lambobi da haƙuri. Gaskiya ne akan ware wa masu kati wasu 'yan tebura da tikiti. American Express har sayen manhajar kama teburi ta Resy ya yi a 2019. Amma abin da aka ware ɗin yana ƙarewa, kuma in ya ƙare, sai dai a nuna maka kasuwar 'yan sari da farashinta mai sa hawan jini. Daga nan mai neman mu'ujiza zai shekara yana shelar cewa duk abin yaudara ce.

Yana da aboki a wannan ra'ayi, ɗan ƙididdiga, sai dai shi da hujja yake zuwa. Zai ba ɗan aike aiki, ya zauna shi ma ya yi aikin da kansa, yana duba agogo. In ya riga su da minti tara, ko ya samu ɗakin da ragin dala shida, ranar sallah ce a gidansa. Kuma sau da yawa yana da gaskiya: abin da manhaja za ta yi da dannawa uku, ɓata lokaci ne a kira mutum, a tantance ka, a ce za a turo amsa kafin gobe. Illa dai ya kashe yammaci guda cur don ya tabbatar da cewa ba a rage masa wahala ba.

Akwai kuma mai kira don ya ji murya. Tambayarsa gajeriya ce, labarin jikokinsa ne mai tsawo. Wannan ba zan yi masa dariya ba.

A cikin duk taron, mutum ɗaya na ga ta ci moriyar abin, kuma ba ta cika magana a kai ba. Mace ce mai yawan tafiya, ko sakatariyar da ta ga jiya ta ga yau. Ta gane cewa ɗan aiken ba shi da ƙarfin buɗe ƙofar da aka rufe, amma yana da lokacin ƙwanƙwasa ƙofa ashirin, da harshen da ita ba ta ji, a sa'ar da take barci. Saboda haka aikin naci take ba shi. Ta sauka a Jamus ranar Lahadi, kantuna a rufe bisa doka, mahaifiyarta na buƙatar magani: a nemo mata kantin maganin da ke kan aikin gaggawa a unguwar. Za ta Tokyo da baƙi shida: a buga wa gidajen abinci da Japananci a tambayi wanda ke da naman halal da wanda ba ya zuba giya a miya, a kuma gaya mata in wurin na cikin waɗanda ba sa karɓar baƙo sai ta hannun otal. Ta bar jaka a tasi a Madrid: a bi sawu. Saƙonta ba ya wuce layi biyar, amma akwai rana, da adadin mutane, da iyakar abin da za ta iya biya, da zaɓi na biyu in na farko ya faskara. Tana turawa da kwanaki a gaba. Abin da ya shafi biza ko lafiya kuwa, ko an ba ta amsa sai ta sake tabbatarwa da kanta, don ta san wanda ya amsa ɗin karantowa ya yi.

Sai Alhaji. Banki ne ya kawo masa katin har ofis, da manaja da murmushi, saboda nauyin ajiyarsa. Da aka yi masa bayanin ɗan aiken, sai ya yi shiru yana jan carbi, don bai ga abin da ya rasa ba. Yana da direba, da yaron shago, da dillali a Dubai, da wani ɗan ƙanwarsa a Jidda wanda ko ƙarfe biyun dare aka kira shi zai fito. Ya aiki wanda bai san gidan ubansa ba? In ya ɓata aiken, wa za a kai wa ƙara? Sau ɗaya ya gwada, yana Dubai: a samo masa sarƙar gwal biyu, iri ɗaya, nauyi ɗaya, kwali ɗaya. Muryar ta ce, cikin fara'a, ko yana son a bambanta su kaɗan don kowacce ta ji tata ta musamman ce. Alhaji ya kashe wayar. Wanda bai san abin da bambancin giram ɗaya ke haifarwa a gida mai mata biyu ba, bai kai a aike shi ba.

Tun daga ranar ya miƙa wa yaronsa katin ya ce ya adana. Yaron, wanda ya fi Alhaji riƙe ranar haihuwar Alhaji da sunan mahaifiyar Alhaji, ya juya katin ya ga lambar. Yanzu in aka ce masa a nemo ɗaki kusa da Harami a goman ƙarshe, ko likitan ido a Alƙahira, sai ya ce "To, ranka ya daɗe," ya zagaya bayan shago, ya gyara murya ya yi kauri, ya buga. Kafin la'asar ya dawo da zaɓi uku a rubuce. Alhaji na gaya wa abokansa cewa yaran yanzu ba duka suka lalace ba, kuma a watan jiya ya ƙara masa albashi.