Ranar da Na Ce Zan Koya wa Mutanen Luwiziyana Miyar Kuɓewa

Duk namijin da ya iya dafa indomi da ƙwai, can cikin ransa gani yake girki ba wani abu ba ne, mata ne kawai ke kambama shi. Ni kuwa nawa ya fi na kowa, domin bayan indomi na iya shayi mai kayan ƙamshi, sannan ga takardar digirin digirgir a jaka. Da wannan guzuri na sauka Baton Rouge, babban birnin jihar Luwiziyana da ke kudancin Amurka, inda wani aikin bincike ya kai ni, na baro iyali a Zariya.

A can, Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba ita ce Ranar Godiya. Tun 1863 Shugaba Abraham Lincoln ya mai da ita ta ƙasa baki ɗaya, kuma har yau talotalo ne ke ji a jikinsa. Kowane gida sai an gasa ƙato guda, a ci a ƙoshi, a bar tuli. Sauran Amurkawa sai su yi ta yankar ragowar suna cusawa cikin burodi har ya gundure su. Mutanen Luwiziyana kuwa ƙashin suke hari. Washegari za su tafasa shi su fitar da romo, su yi gumbo, wato miyar nan da jihar ta ɗauka a hukumance a matsayin abincinta tun 2004. Mu ma 'yan ci-rani ba a bar mu a baya ba, muka yi karo-karo muka sayi talotalo yankan Musulmi, aka ci a ɗakina, aka watse aka bar ni da ƙasusuwa.

Ina kan hanyar kai su bola na haɗu da maƙwabciyata, wata tsohuwa baƙar fata da muke gaisawa kullum a bakin ƙofa.

"Ɗana, ina za ka da wannan?"

"Bola, Mama."

Ta dafe ƙirji. Nan take ta tsai da ni ta shiga yi mini bayanin gumbo: romo, nama, sosej, garin fulawa soyayye, kuɓewa. Ai ina jin ta ce kuɓewa sai kaina ya kumbura. Na gyara tsayuwa na ce, "Mama, ai mu ne masu kuɓewa, daga wajenmu aka kawo muku ita." Wannan dai gaskiya ne, daga Afirka ta tsallaka teku a zamanin cinikin bayi. Abin da ban lura ba shi ne, kakannin matar da nake wa lacca su ne suka tsallaka tare da ita. Ta saurare ni da haƙuri har na kai aya, sannan ta ce in ina so za ta shigo ta nuna mini. Na yi murmushin manyan malamai na ce kada ta wahalar da kanta, ita dai ta zo ranar Asabar da yamma ta ci. Ta ce to. Ta shiga ɗaki ta fito mini da wata baƙar tukunyar ƙarfe mai nauyin tsiya, ta ce ta mahaifiyarta ce, a cikinta ake gumbo a gidansu tun ba a haife ni ba. Ta haɗa mini da wata 'yar kwalba mai koren gari.

Sosej ɗin da suke sawa, wanda aka san garin LaPlace da shi, naman alade ne da aka busar a hayaƙi, don haka na nemo na naman sa a shagon halal. Romon ma ya fita lafiya, tunda ba ya bukatar komai sai ruwa da wuta da albasa. Waɗannan nasarori biyu su suka ƙarasa ni.

Ginshiƙin gumbo wani abu ne da suke kira ru. Fulawa ce da mai, awo ɗaya ɗaya, a ɗora a wuta kaɗan a yi ta juyawa ba tsayawa, wani lokaci har kusan awa guda, sai ta tashi daga fara ta koma ruwan ƙasa, ta kai launin cakulan. Da zarar ka ga ɗige-ɗigen baƙi a ciki, ta ƙone, zubarwa ake yi a sake sabo. Mama ta nanata mini wannan har ta riƙe hannuna. Amma na karanta cewa shahararren mai girkin nan na New Orleans, Paul Prudhomme, yakan cika wuta ya gama tasa cikin 'yan mintuna. Sai na tambayi kaina, tsakanin tsohuwar unguwa da mutumin da duniya ta sani, wa ya fi dacewa da matsayina? Na murɗa wuta har ƙarshe. Mai ya fara hayaƙi, na zuba fulawa, na shiga juyawa da cokalin katako, kuma wallahi abin ya fara kyau. Launi ya soma sauyawa, wani ƙamshi na tashi. Nan shaiɗan ya raɗa mini cewa bai kamata irin wannan tarihi ya wuce mutanen Zariya ba su gani ba. Na ajiye cokali, na ɗauko waya, na juya wa tukunya baya don ta fito sosai a bayana, na gyara hula. Hoton farko idona a rufe. Na biyu tumbina ya fito da yawa. Ina neman na uku sai na ga a fuskar wayar wani baƙin abu yana tasowa a bayan kaina.

Na juya da gudu na danna cokali, abin ya fallatso mini a bayan hannu. Wanda bai taɓa ƙonewa da ru ba, ba zai gane ba: ba ta zuba ta wuce, manne maka take yi ta zauna. Ina tsalle ina salati, sai na'urar hayaƙi da ke rufin ɗaki ta ɓarke da ihu. Na rarumi abin da ke kusa, ashe darduma ce, na hau kujera ina yi wa na'urar fifita. Ta ƙi shiru. Na buɗe ƙofa don hayaƙi ya fita, ya kuwa fita, ya tarar da maƙwabta sun yi cirko-cirko a baranda. Ga Dakta a kan kujera, daga shi sai singileti da hula zanna bukar, yana kaɗa darduma. Wani yaro ya tambayi uwarsa ko ibada nake yi.

Da ƙura ta lafa na leƙa tukunya. Ba ɗige-ɗigen baƙi ba ne, ita kanta baƙa ce, sai dai a nemi ɗige-ɗigen ruwan ƙasa. Na ɗanɗana. Ɗaci ya ratsa ni har ƙeya. Mai hankali zubarwa zai yi, amma fulawar ta ƙare, kuma zuwa aro wurin Mama daidai yake da amsa laifi. Sai na ce wa kaina ai ɗaci abin manya ne, kamar goro, yaro ne ke tofarwa. Na antaya albasa da koren tattasai da seleri, su ukun da ba a gumbo sai da su, na bi da romo da sosej.

Saura kuɓewa, fagen da nake ganin ba mai ja da ni. Mama ta ce a fara soya ta daban har yauƙin ya mutu. Ku ji fa. A kashe yauƙi! To me ya rage a kuɓewa? Na ji tausayin mutanen nan, ɗaruruwan shekaru suna cin kuɓewa a gurguje ba wanda ya nuna musu hanya. Na goge tawa lukui a magogi, sannan na tuna da ƙullin kanwa da matata ta cusa mini a jaka saboda dahuwar wake. Na san dai ana sa kanwa a miyar kuɓewa, amma ban taɓa tsayawa na ga nawa ake sawa ba, domin a gida iyakata da kicin leƙe. Na ɓallo dunƙule mai auki na jefa. Tukunya ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta taso da kumfa, ta tumbatsa, ta gangaro kan murhu, ta bi jikin kabad ta nufi ƙafata. Ina goge ƙasa na tuna da koren garin nan. File sunansa, busasshen ganyen itacen sasafras ne da aka daka, kuma daga ƙabilar Choctaw, 'yan asalin yankin, aka koyo shi. Sai an sauke tukunya ake barbaɗa shi kaɗan, in ya tafasa zare yake yi. Da yawa ma in sun sa kuɓewa ba sa sa shi. Ni na juye rabin kwalbar, miya tana tsakiyar tafasa.

Daidai nan matata ta kira ta bidiyo. Na ɗaga ludayi don in burge ta, sai miyar gaba ɗaya ta biyo shi.

"Dakta, kanwa nawa ka sa?"

Na nuna mata da yatsu.

"Innalillahi! Ai wannan ta ishi tukunyar gidan biki." Maimakon ta ba ni shawara sai na ji tana ƙwala wa ƙanwarta kira ta zo ta gani.

Na shirya wa baƙina wani labari. A 2008, lokacin da Barack Obama ke yaƙin neman zaɓe, ya shiga gidan abincin Dooky Chase a New Orleans, ya ɗauki kwalbar yaji zai zuba a gumbo tun bai ɗanɗana ba, mai gidan, Leah Chase, ta tsawata masa. Niyyata duk wanda ya taɓa yaji a teburina in yi masa irin ta Obama. Da aka zauna, wani abokinmu ɗan Maraɗi ya kai loma ɗaya, idonsa ya kawo ruwa, ya miƙa hannu ya ɗauki kwalbar yajin Tabasco ya yi ta girgizawa. Ban ce uffan ba. Da ya gama na ce ya miƙo mini. Mama kuwa ta ɗebo cokali guda, zare ya biyo shi daga kwano har bakinta, ta naɗe shi a hankali, ta haɗiye, ta sha ruwa kofi guda. Ta daɗe tana neman abin faɗa.

"Ɗana, shinkafar ta dahu daidai."

Tukunyar lantarki ce ta dafa shinkafar.

Da dare na ƙudura cewa ko ba komai zan fita kunya wajen mayar da kayan aro. Na tarar kanwa ta riga ta fara cinye baƙin da ke cikin tukunyar, har farin ƙarfe na leƙowa. Na ce kai, ashe tsohuwar nan datti ta tara shekara da shekaru! Na samo soson ƙarfe da sabulu na dirje ta ciki da waje har kafaɗata ta riƙe. Da safe na kai mata ita tana ƙyalli, ina jiran godiya. Ta karɓa, ta juya ta, ta shafa cikinta da yatsa, sannan ta nemi kujera ta zauna. A nan na ji cewa baƙin nan ba datti ba ne. Mai ne da ke gasuwa a jikin ƙarfe sannu a hankali, girki bayan girki, shi ke hana abinci kamawa, shi ke hana tsatsa. Na mahaifiyarta da nata duka na wanke a dare ɗaya, kuma ga jan tsatsa har ya fara fitowa a gindi.

Ba ta yi faɗa ba. Ta dai ce in je in sako tsofaffin kaya. Ranar Lahadin nan a kicin ɗinta na wuni, ina shafa wa tukunya mai da tsumma, a sa a tanda ta yi awa guda, a fitar ta huce, a sake. Ita tana zaune ta ɗora ƙafa kan ƙafa tana ba 'yar'uwarta labari a waya, tun daga darduma. Lokaci-lokaci takan rufe bakin wayar da hannu ta ce, "Man ya yi yawa, Dakta, goge."