Ba a Zaɓa wa Siklid Maƙwabci da Ido

Ni dai a ganina siklid ba shi da abokin zama sai wanda ya gagare shi, kuma duk mai akwatin gilashi da ya zaɓo masa maƙwabci don kyan launi, ya sayi kunya da kuɗinsa. Kifin nan dangin karfasa ne, sai dai shi na ado ne. Cikin waɗanda suka fi cika shaguna akwai mbuna na Tafkin Malawi, ƙanana masu shuɗi da rawaya, yawancinsu da ƙyar suke wuce santimita 12. A tafkin, cikin duwatsu suke zaune suna kankarar gansakuka, kowane namiji da kogonsa, kuma ban da cin abinci da neman aure bai san wata sana'a ba sai korar duk wanda ya leƙo.

Kunyar kuwa kusan hanya ɗaya take biyowa. Mai gida ya sayo anjel, kifin nan na kogin Amazon mai faɗin jiki da dogayen fikafikai, mai tafiyar ƙasaita, ya saka shi cikin mbuna. Da fari shiru. Sai ranar da surukai suka cika falo, ya kunna fitilar akwatin ya ce, "Baba, ku dubi ikon Allah." A daidai nan wani ɗan shuɗi zai fito daga ƙarƙashin dutse, ya ciji jelar anjel, ya ja da baya, ya tofar. Cizon da sauƙi, tofarwar ce ba a mantawa. Da ya haɗiye, da an ce yunwa ce, kowa ya san yunwa. Amma ya tofar, guntun jelar ya yi ta saukowa a hankali, yana juyi, tun daga sama har kan yashi, dattawa suna bin sa da ido, mai gida kuma hannunsa na nan miƙe yana nuni, murmushin bai samu damar sauka daga fuskarsa ba. Ɗan shuɗin ya dawo ya duba guntun, ya sake ɗauka, ya sake tofarwa.

Nan masu shawara za su buɗe baki, kuma ni wannan ɓangaren na fi so. Kawu zai ce, "Ɗan nan, ƙara masa nama, mai ƙoshi ba ya faɗa." To hanjin mbuna dogo ne, don ganye aka yi shi, abincin nama da yawa kumburin ciki yake jawo masa har ya kashe shi, ka ga Kawu ya kawo ƙarshen faɗan ta hanyar da bai nufa ba. Wani zai ce a riƙa ƙwanƙwasa gilashi duk lokacin da ya yi, har ya gane laifinsa. Gwaggo kuwa za ta gyara mayafi ta tambaya, "Wa ya riga wani shiga?" Ana yi mata dariya, alhali ita kaɗai ta kusa da gaskiya. Masu kiwo na sosai kan rushe duwatsun su sake jera su kafin su saka sabon kifi, don kowa ya tashi ba shi da ɗaki.

Za a ce ai a shago suna zaune lafiya. Haka ne, domin a can ƙanana ne ba su balaga ba, an cushe su da yawa, babu dutsen da za a yi rigima a kansa. Kamar gidan haya ne mai cunkoso, masifaffe ba ya samun lokacin tsayawa kan mutum ɗaya. Shi ya sa ake cika akwatin mbuna da mbuna da gangan, namiji ɗaya mata uku ko huɗu, a ƙara ƙarfin injin tace ruwa. Kuma ko da ɗan shuɗin ya tuba, ruwan ma bai haɗa su ba. Na Malawi mai kanwa-kanwa ne, ma'auninsa na pH wajen 8, anjel kuwa ya fi son mai laushi, 7 ko ƙasa. Kifin gwal shi kuma ruwan sanyi yake so, siklid na son digiri 24 zuwa 28.

Wanda yake iya zama da su shi ne kurungu. Da dare yake harkarsa, a ƙasa yake kiwo, ga ƙayoyi a baya da gefe da babu mai marmarin cizo. Akwai wani irinsa mai ɗigo-ɗigo daga Tafkin Tanganyika da masu shago ke yabo ƙwarai. Macen mbuna a baki take ɗaukar ƙwanta wajen mako uku, ba ta cin abinci. Shi wannan kurungun sai ya jira lokacin da take zuba ƙwai, ya kutsa ya cinye wasu, ya zuba nasa, ita kuma cikin gaggawa ta kwashe duka. Nasa su riga ƙyanƙyashewa, su cinye 'ya'yanta a cikin bakinta, ta gama azuminta ta tofo 'yan kurungu masu gashin baki. A cikin duk maƙwabtan, wannan ne aka ce ya fi dacewa.