Gaishe Ki, Uwa Ma Ba Da Mama

Duk wanda ya ce ƙasar nan ba ta san darajar 'yan mazan jiya ba, bai taɓa kallon talabijin ranar 15 ga Janairu ba. A ranar, wadda ita ce ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, manya kan fito a Abuja cikin manyan riguna, a ajiye furanni, a harba bindiga sama, a saki fararen tantabaru. Wane tsohon kofur ne zai ga wannan karamci a teburin mai shayi a Panshekara, har ya tuna bai karya kumallo ba?

Gaishe ki gwamnati, uwa ma ba da mama, gagara misali, mai alkawarin da ba ya tsufa, inuwar giginya na nesa ka sha! Mutum ya ba ki ƙuruciyarsa, wani har shekara 35 cikin kaki, ke kuma ki saka masa da wata shida cur a cibiyar koyon sana'a ta sojoji da ke Oshodi a Legas. A koya masa haɗa sabulu, ko ɗinki, ko kiwon kaji, a miƙa masa takardar shaida mai hatimi. Batun jari kuwa, hikimarki ta hango cewa kuɗi a hannu kan sangarta namiji. Shi ya sa ake tsare masa garatuti a wuri mai aminci, har sai farashin buhun taki ya gama hawa.

Masu ƙaramar fahimta na kiran wannan jinkiri. Ina! Tarbiyya ce. A watan Janairun 2025 tsofaffin sojoji suka shimfiɗa tabarmi a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya, suka tare hanya suna neman haƙƙoƙinsu. Ba don wannan kyakkyawan tsari ba, yaushe saje na Kano zai sake haɗuwa da samanjansa na Makurɗi? Ga zumunci, ga motsa jiki, ga hantsi kyauta ga masu ciwon gwiwa.

A aikin farar hula ma ba a bar su a baya ba. Je ka rukunin masana'antu na Challawa a nan Kumbotso da asuba, ka ga ɗaukaka. Mutumin da ya shiga Laberiya da rundunar ECOMOG a 1990, ya wuce Saliyo, yau shi ne sarkin ƙofa, mai benci ɗaya da tocila ɗaya da gora. Takalminsa na ƙyalli har yanzu, ko da ƙasansa ya rabu da samansa. Motar manaja na danno hanci zai miƙe ƙyam, ya ƙame, ya sara wa yaron da aka haifa yana bakin daga. Yaron ba ya ko sauke gilashi, don kada ya katse wa dattijo faretinsa. Albashin kuma an yi shi daidai yadda ba zai nauyaya aljihu ba.

Wanda ya fi son noma, ga ruwan Tiga, madatsar da aka gina zamanin Audu Bako, yana ratsa Bunkure da Kura da Garun Malam rani da damina. An ba tsohon soja cikakken 'yancin tsayawa a bakin magudana ya kalle shi. In ya ci bashi ya yi hayar 'yar gona ya shuka tumatir, ranar da ya kai kwandunansa kasuwar Kwanar Gafan ita ce ranar da kowa ya kai nasa, dillali ya yanka masa farashin da zai koya masa tawali'u. Wace makaranta ce ke ba da irin wannan ilimi a kaka ɗaya?

Sai kuma abin da ya fi kowanne nuna kunya da kara irin taki, gwamnati. Wanda ya dawo daga dajin Sambisa yana firgita cikin barci, yana kwantawa ƙasa in tayar babur ta fashe, ba ki tona masa asiri da yawan tambayoyin likita ba. Kin bar wannan lada gaba ɗaya ga matarsa da limamin unguwa, ko kashi ɗaya ba ki nema a ciki ba. Allah ya ja zamaninki.