Mu da Buhun Masara a Jalingo

Mu mutanen Jalingo baki biyu gare mu a kan maganar farashi. Ranar Litinin ka ga mutum a sakatariya yana tsine wa tsadar masara, ranar Asabar ka gamu da shi ɗin dai a hanyar Mutum Biyu ko Garba Chede zai duba gona, yana roƙon Allah Ya sa buhu ya yi daraja bana. Tun da aka yanke Taraba daga tsohuwar Gongola a 1991 aka mai da garin nan babban birnin jiha, muka cika shi da ma'aikata, amma da wuya ka sami wanda ya saki fartanya. Malamin makaranta yana da shinkafa a Lau ko Gassol, direban ofis yana da doya a Zing. To wa gwamnati za ta faranta wa, mai saye ko mai sayarwa, alhali riga ɗaya suke ciki?

Akwai wani malami a majalisarmu, wajen mai shayi, da yake koyar da tattalin arziki a sakandare. Kullum karatunsa ɗaya: buƙatar ɗan Adam ba ta ƙarewa, abin biyanta kaɗan ne, saboda haka duk abin da ka ɗauka ka bar wani. Dattijon unguwa ya saurare shi ya ce, "Malam, wannan shi ne ilimin da ake biyanka albashi a kai? Je ka tambayi uwargidana. Na ba ta kuɗin cefane da safe, ta zaɓi manja ta bar kifi, ba ta taɓa shiga ajinka ba."

Malam bai ji haushi ba. Ya ce, "Baba, ai gwamnati ma haka take, sai dai ita in ta bar kifi, gari guda ne zai sha lami."

Amma fa kada mu ɗora komai a kan Abuja. Ku tuna ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Kafin a kwana gidajen mai sun ja ƙofa, litar da ba ta kai naira 200 ba ta doshi 500. Mun zagi masu gidajen mai, mun zagi 'yan bumburutu, muna zagin muna wanke jarkoki. Wanda ko keke ba shi da shi sai da ya bi layi, wai kada a yi babu shi.

Watanni kaɗan kafin nan mun yi irinta da takardar kuɗi. Babban Banki a zamanin Emefiele ya sauya 200 da 500 da 1000, sababbin ba su wadata ba, tsofaffin an ce a mayar. Muka koma sayen naira da naira wajen masu POS. Matar ƙauye ta kawo doya ta ce ita ba ta san tiransifa ba, sai ta ga kuɗi a tafin hannu, kuma da gaskiyarta. To wanda Allah Ya ba sabuwar dubu me ya yi da ita? Ƙarƙashin katifa! Banki ya buga kaɗan, mu kuma muka ɓoye kaɗan ɗin, sai da Kotun Ƙoli ta ce a watan Maris a ci gaba da karɓar tsofaffin sannan aka ɗan numfasa.

Wani ƙarancin kuwa ba ruwan kowa a unguwa. Da ruwa ya karya gadar Namnai a hanyar Wukari a watan Agustan 2024, kayan da ke zuwa daga kudu sai dai kwale-kwale ko dogon zagaye, kuma kuɗin zagayen a kan mudunka ake ɗora shi.

Inda raha ta fi daɗi shi ne kakar 2024. Mun ga yadda masara ta yi tashin gwauron zabi a shekarar, sai kowa ya zama ɗan kasuwa. Ma'aikaci ya ci bashi, 'yan adashe suka kwashe, aka cika ɗakunan da ba kowa da buhuna, aka zuba magani, ana jiran damina ta yi nisa a sayar ninki biyu. Mu ne fa masu cewa a kama masu ɓoye abinci. Ashe tun watan Yuli gwamnati ta ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150. Da 2025 ta kama, farashi ya juyo ƙasa, taki kuwa ya ƙi sauka. Wanda ya yi kuka a 2024 don ba ya iya saye, shi ne ya dawo yana kuka don ba ya iya sayarwa, ƙwari suna ta walima a ɗakinsa. Matarsa a cikin gida tana murna mudu ya yi sauƙi, shi a zaure yana lissafin asara, tukunya ɗaya suke ci.

Malam ya ce, "Baba, ka ga abin da nake faɗa. In an sauƙaƙa wa mai ci, manomi ne ya biya. In an kare manomi, mai ci ne ya biya."

Baba ya ce, "To ni da nake duka biyun, a wane layi zan tsaya in kai ƙara?"

Da damina ta ƙarato, majalisa ta yi rantsuwa baki ɗaya: an bar masara, taki ya fi ƙarfin talaka, riɗi da waken suya za a koma. Har mai shayi ya ce ya kama fili. Wani Alhaji mai sayen hatsi ne kaɗai bai ce uffan ba. Sai da ya tabbatar kowa ya rantse, sannan ya ja Malam gefe yana tambayarsa a hankali, wai a ina ake samun irin masara mai kyau.