Turke, Noti ko Sukuru: Da Me Za a Hau Kukar Birnin Tudu?

Na san tun ban kai aya ba wani dattijo a Birnin Tudu ya taɓe baki: "Wanga malami mi ya sani ga hawan icce? Alƙalami na da reshe?" Allah ya ja zamanin Sarkin Baka, ba shi da shi. Amma tunda ɗanka ya dame ka da waya yana nuna maka maharban Amurka na ɗare itatuwa, har yana so a sayar da tunkiya a sayo irin kayansu, dole wani ya raba gardamar kafin tunkiyar ta ga kasuwar Mafara ranar Talata.

Su can, mai farautar barewa yakan hau ƙafa 15 zuwa 20, ya kafa 'yar kujera a jikin itace ya yi kwanto tun asuba, don dabba ba ta cika ɗaga kai ba, warinsa kuma ta samanta yake wucewa. Abin da suke musu a kai shi ne matakala. Wasu na son wani lanƙwasasshen ƙarfe mai bakin sukuru, a murɗa shi da hannu har ya kama, a taka. Wasu kuma su huda rami da abin huji na hannu, zurfin inci 2 da 'yan kai, su zura dogon noti mai inci 6 na ƙarfe mai taurin gaske, in za su sauko su zare abinsu su zuba aljihu. A dazuzzukan gwamnati da yawa a can ma an hana duka biyun, saboda suna yi wa itace rauni.

Ina jin dariyarku daga nan. "To ai turke na! Abin da kakanninmu ka yi!" Gaskiyarku. Duk wanda ya dubi gindin tsohuwar kuka ya ga jerin turaku sun miƙe sama, ko tabonsu, ya san ba a jira Bature ba. Ba mu kaɗai ba ne kuma: Hadzawa na Tanzaniya, a gefen tafkin Eyasi, har yau da turakun itace suke hawan kuka su ɗebo zuma.

Bari in fara da kai, yaro mai waya. Ka taɓa sara kuka da gatari? Cikinta ba katako ba ne, zare ne da ruwa, shi ya sa ba a sassaƙa turmi da ita, igiya ake yi da ɓawonta. Murɗa mata sukuru tamkar murɗa shi cikin dafaffen rogo ne: ya shige ba gardama, ka ji daɗi, ka ɗora masa nauyinka ya fito da abin da ya kama. Notin ma siriri ne, kaurinsa bai kai rabin inci ba, sai ya yanka naman kukar ya sunkuya. Turken kirya ko na marke kuwa kauri gare shi. In aka fiƙe shi aka buga, zaren kukar ya matse shi ta ko'ina, nauyin mutum ya watsu, tafin ƙafa ya sami wurin zama. Maharbin Amurka da ƙaton takalmi yake taka notinsa. Kai da za ka hau ba takalmi, ka tsaya a kan siririn ƙarfe kana zagar ganye, za ka san tafin ƙafa ma yana da baki. Mayar da tunkiyar Baba garke.

To Baba, kada dariyar ta yi yawa, kai ma ga naka. Turken da ka buga bara ya sha damina, gara ta leƙa shi, daga waje yana nan kamar jiya. Kai kuma ba ka gwada shi, wai kun saba. Sabo da kaza ba ya hana yanka. Sannan wa ka gina wa matakalar nan? Ka ɗora amya a sama, ka jera turaku tun daga ƙasa, ka tafi gida ka kwanta, ranar ɗiba ka tarar wani ya riga ka, ka dawo kana zargin iskokin kuka. Aljani ba ya bukatar turke, Baba. Mai ƙafa biyu ne, kuma ya gode da hidima. A nan mai noti ya fi ka wayo, domin shi matakalarsa a aljihunsa take kwana.

Haka in aka bar kuka aka koma tsamiya, kanya ko maɗaci. Buga musu turken itace ka ga yadda zai farfashe. A kan irin waɗannan, rami da noti ne gwani, muddin ramin ya ɗan karkata ƙasa ta ciki kuma notin na ƙwarai ne. Na ce na ƙwarai, don na san halinmu: gobe wani zai je wurin mai walda a yanko masa guntun rodi, ko ya sayo ƙusa inci 6 ta kafinta, ya ce ai duk ƙarfe ne. Ƙusar kafinta laushi gare ta, lanƙwashewa take yi, kuma ba ta sallama kafin ta yi.

Sukuru dai shi ne na ƙarshe a wurina. A kuka ba ya riƙo, a tsamiya sai ka yi gumi kana murɗawa da hannu ɗaya, ɗayan na rungume da itace. Wahalar cire shi ke sa a bar shi, itacen ya haɗiye shi, bayan shekaru bakin gatarin wani ko sarƙar injin yanka ta ci karo da shi. Giginya kuwa kada ma a fara. Igiya ce hawanta, kuma ba mai hankalin da zai huda azarar ɗakin jikansa.

Wani zai ce, farautar me ma ake yi yanzu? Tambaya ce mai kyau. Tun da aka gama madatsar Bakolori a 1978 aka baje filaye don noman rani, itatuwa da yawa na ƙasar Bakura da Mafara da Maradun suka tafi, dajin da ya rage kuma kowa ya san ba ya shiguwa kamar da. Ba wanda ke hawa ƙafa 20 don zomo. Hawan yau na zuma ne, da ganyen miya, da saro wa dabbobi gawo da rani. Sai dai ƙasar da ake faɗowa a kanta ba ta sake ba.

Abu guda da ya kamata a kwaso daga Amurkawan nan shi ne wanda ba ku so: ɗamarar da ke ɗaure mutum da itace. A can faɗowa daga bisa ta fi harbin kuskure jikkata masu farautar barewa. "In ɗaure ƙugu da igiya? Ni akuya na?" A'a Baba, akuya ba ta hawa kuka da dare, wuta a hannu ɗaya, ƙudan zuma na shiga mata riga. Layar da ke damtsenka a bar ta a wurinta, ban taɓa ta ba, a ƙara mata igiya mai kauri dai su yi aiki tare. Wanda zai ji haushin wannan shawara mutum ɗaya ne a garin, maɗori, shi kuma ba mu shirya da shi za a raba kuɗin ɗori ba.