Akuya Ba Ta Karanta Takardar Mota

Mu masu tsofaffin motoci muna da wata tambaya da muke yi wa bakanike ƙasa-ƙasa, kamar uban da ke neman malami ya ɗaga masa yaron da bai iya baƙi ba: "Oga, wannan birkin zai tsallake duba kuwa?" Ba ma tambaya ko zai tsayar da mota, don mun daɗe da koyon zama da shi. Mu taka sau uku kafin ya amsa sallama, mu sauke giya tun daga nesa, in ya fara kuka mu ƙure rediyo, sannan mu ajiye dutse a but saboda gangara. Abin da ke hana mu barci shi ne takardar shaidar lafiyar mota da jami'an VIO ke tambaya. Ni ma ɗan wannan ƙungiya ne, ba na fashin taro, kuma amsata ita ce: e, birkin da ya cinye yana iya tsallakewa, kuma dalilin ke nan da ya sa tambayar ba ta da amfani.

A duba Ingila, inda aka fara gwajin lafiyar mota na MOT tun 1960, kuma motar da ta cika shekara uku sai an kai ta duk shekara. Sabon takalmin birki kaurinsa kan kai milimita 10 zuwa 12, amma ƙa'idar gwajin ba ta kayar da shi sai ya yi ƙasa da milimita 1.5, abin da bai kai kaurin tsinken ashana ba. Mai duba ba ya kwance taya, leƙe yake yi. Daga nan a ɗora motar kan na'ura mai birgima, a taka birki a auna kamunsa. Motar da ta fara hawa titi daga Satumbar 2010 ana neman ƙarfin kamunta ya kai kashi 58 cikin ɗari na nauyinta, birkin hannu kuwa kashi 16. Saboda haka takalmin da ya rage saura milimita 2 zai ci jarrabawa, a rubuta wa mai shi 'yar shawara cewa ya kusa ƙarewa, shi kuma ya ninke takardar ya tura aljihu yana murmushi kamar an ba shi sarauta. Idan haka abin yake a inda ake aunawa da na'ura, to takardar ba ta taɓa yi wa kowa alkawarin gobe ba. Shaida ce ta abin da birkin ya yi ran nan, a 'yan daƙiƙun nan.

Kuma ranar duba ranar salla ce ga birki: yana da sanyi, motar ba kaya, ba gudu. Aikinsa na gaskiya shi ne mayar da gudu ya zama zafi, kuma siririn takalmi ba ya jure zafi kamar mai kauri. Man birki kuma yana shan danshi in ya tsufa, sai ya tafasa da wuri, ka taka ka ji ƙafarka ta nutse kamar cikin kunu. Wanda ya san gangaren Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga ya san ba a gaya wa mota mai buhun dankali shida da surukai huɗu cewa ta dakata a nuna mata hatimi. Lissafin ma ba ya jin roƙo: in gudu ya ninka sau biyu, nisan da birki ke buƙata yana ninkawa sau huɗu. Littafin dokokin hanya na Ingila ya ba mai gudun kilomita 48 a awa mita 23 kafin ya tsaya, mai gudun kilomita 96 kuwa mita 73, duka biyun har da nisan da mota ke ci kafin direba ya taka birki, kuma da lafiyayyen birki a busasshen titi ake maganar.

Na san abin da 'yan'uwana za su ce, don ni ma bakina ya saba da shi. Na farko, ai masana ne suka ce ya wuce. Gaskiya ne, amma sun sa masa iyakar ƙarshe ce, shi ya sa bakanike mai tsoron Allah yakan ce a canza tun yana kusan milimita 3. Na biyu, babu kuɗi. Wannan uzuri ina girmama shi, sai dai takalmi in ya ƙare, ƙarfe ne ke cin ƙarfe, ya zazzaga wa faifan birki zane kamar gonar da aka yi wa huɗa, ka tashi daga sayen abu ɗaya ka koma sayen biyu, ban da fitilar mai a-daidaita-sahun da ka sumbata ta baya. Na uku, ai na ƙara man birki. To man yana sauka ne saboda takalmin na cinyewa, ko kuma wani wuri na yoyo. Cika shi kawai tamkar shafa wa mai zazzaɓi hoda ne. Na huɗu, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, amma ban ga dalilin da zai sa mutum ya aika masa katin gayyata har da kuɗin mota ba.

Don haka ina ba ƙungiyarmu shawara mu sauya tambaya. A je a yi duba, doka ce, kuma tana kama motocin da suka fi namu lalacewa. Amma kukan nan da muke dannewa da rediyo, a motoci da yawa wani ɗan ƙarfe ne da aka sa da gangan don ya yi tsegumi in takalmi ya kusa ƙarewa. Shi ne mai duban da ke bin mu kullum, ba ya karɓar ko sisi. Babban mai duba kuwa yana can bakin titin wani ƙauye yana cin ɓawon rogo. Ranar da ya ga damar tsallakawa, leƙo ta taga ka ɗaga masa takardar, ka ga ko akuya ta yi makaranta.